Tokar Katakon Borokiri

A ƙauyenmu, can ƙasar Katsina, mace ba ta sayen abin da za ta kashe tsamin miya da shi. In an gama girbi an jibge karan gero, sai ta ɗebi na ɗiba ta ƙona a wuri mai tsabta, ta kwashe tokar. Kowane gida akwai tsohuwar tukunya da aka huhhuda wa gindi. A shimfiɗa tsumma a ciki, a cika ta da toka, a ɗora ta a kan wata tukunyar, a zuba ruwa a sama. Ruwan ya yi ta ɗiga a hankali, ja-ja kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Shi ake dafawa har ya ƙafe ya kama jikinsa, sannan a dunƙula a shanya. Tokar miya ke nan. Ita ake sa wa kuɓewa da kuka da yakuwa, ita ke sa wake ya nuna da wuri. Wanda ya tashi da ita, in ka ba shi miyar kanwa zai sha, amma harshensa ya san an canza masa.

Matata da ita ta tashi. Na kawo ta Fatakwal tana da ƙuruciya, muka zauna a Mile 2 Diobu, ɗaki biyu a wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da rijiya ɗaya, mu da wasu iyalai. Sana'ata itacen girki da tsofaffin katako, ina da rumfa a bakin layi. A nan muka haifi 'ya'yanmu, a nan muka aurar da su. Duk tsawon shekarun nan ban ji ta yi ƙorafin ruwan sama ko ƙuncin ɗaki ba. Miya kaɗai take yi wa tsaki. Karan gero babu shi a nan. Itacen garin kuwa ɗanye ne, da leda da kananzir ake lallashinsa kafin ya kama, tokarsa rabi gawayi rabi datti. In wani ya zo daga gida ya kawo mata dunƙule biyu, sai ta riƙa gutsura kaɗan-kaɗan kamar turaren wuta.

Abin da zan faɗa shi ne yadda na san akwai guba a tokar da matar nan take dafawa da hannunta, na yi shiru wata da watanni, ina ta dabarar cire gubar a ɓoye don kada in buɗe baki. Na tsufa yanzu. Ba na son in tafi da maganar a cikina, kuma ba na son a ce rashin sani ne. Rashin sanin a farkon labarin ya ƙare.

Wata damina aka gaya mini ana rushe wata tsohuwar gadar katako a bakin ruwan Borokiri, inda kwale-kwale ke tsayawa, kuma an haɗa da tsofaffin turakun wutar lantarki da aka cire aka maye gurbinsu da na siminti. Na je na gani. Katako ne mai nauyi, jikinsa kore-kore kamar tsohuwar tagulla. Ya shekara nawa ƙafarsa a cikin ruwan gishiri, amma bai ruɓe ba, gara ba ta taɓa shi ba, tsutsar ruwa ba ta huda shi ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana taɓa itace ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa me ya hana gara ci. Ni murna na yi. Na ɗauki mota na kwashe. Dogayen na sayar wa masu kafa rumfuna, suka tafi nan da nan. Sai aka bar ni da gutsattsari da tsagaggu da masu ƙusa, tuli guda a bayan rumfa.

Maƙwabcin rumfata wani tsohon kafinta ne, Ibo. Mun daɗe kafaɗa da kafaɗa, yana ce mini aboki, ina ce masa oga, kowa ya san tsokana ce. Ya gan ni ina faskara gutsattsarin nan, sai ya ajiye zartonsa ya zo ya ɗauki guda. Ya nuna mini koren ba a fata kaɗai ya tsaya ba, ya ratsa har ciki. Da turancin kasuwa ya ce wannan katako ne da aka ɗura wa magani a kamfani, ba na wuta ba ne, kuma a wurin wanda ya koya masa aiki ko garin da zarto ya fitar daga jikinsa ba a yarda a ƙona. Na ce masa wuta ba ta barin komai. Haka na taso na gani: a ƙona allura kafin a cire ƙaya, a ƙona aska, abin da wuta ta ci ya tsarkaka. Na ƙara da cewa mutumin da ke juye rabin kwalbar manja a miya ɗaya ba shi zai koya mini abin da ke kashe mutum ba. Ya yi dariya, ya ce to aboki, shi dai ya faɗa, ya koma kan aikinsa.

Da katakon ya sha iska a ƙarƙashin rumfa sai ya bushe ƙayau, kuma in ya ci ba ya barin gawayi. Toka yake bari mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, fara-fara da ɗan kore a jikinta. Ganin tokar ne ya kawo mini tunanin matata. Na samo rabin duro, na riƙa ƙona gutsattsarin a bayan rumfa, ba leda ba kananzir, na cika buhu na kai mata. Ta murza a yatsunta, ta ɗanɗana a kan harshe, ta ce akwai gishiri-gishiri a ciki. Ta huda gindin wani bokitin roba da ƙusa mai zafi, ta yage tsohon zanenta ta shimfiɗa. Ranar da ta kaɗa miyar busasshiyar kuɓewa da ruwan farko, zama ta yi tana kallona ina ci. Sai da na side kwano ta ce, "Malam, yau ka ci abincin gida."

Ta aika wa maƙwabta ɗanɗano, labari ya bazu cikin matan arewa na Diobu. Har matan masu sayar da albasa da tumatir na wajen Kasuwar Oil Mill suka riƙa aikowa. Ita da ta shekara da shekaru ana ce mata matar mai itace, sai ta zama mai toka, suna nata na kanta. Ƙofar ɗakin da ta yi shiru tun tafiyar yara ta cika da sallama. Mata su zo a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin kwano, a yi ta hirar ƙauyuka, wa ya mutu wa ya haihu, ita kuma tana tsaye a kan tukunya tana juyawa, tururi na dukan fuskarta, tana dangwala yatsa tana lasa ta ji ko ya yi ƙarfi. Har waƙar daka na ji tana yi, wadda rabona da jin ta tun muna amarci.

Da Babbar Sallah ta matso na sayi ɗan rago na ɗaure a bayan rumfa. Wata rana na dawo daga sallar azahar na tarar ya tsinke igiya, kansa a cikin duron toka yana lasa kamar ya sami kanwa. Na kore shi, ban ɗauki abin komai ba, dabba da son gishiri. Kafin la'asar ya fara zawo. Washegari ba ya iya tsayawa, yana cizon haƙora, yawu na zuba. Na ɗora shi a baro na tura shi gida. Matata ta fito da wuƙa, ta ce in yanka kafin ya zama mushe, a samu naman. Na karɓi wuƙar na durƙusa, sai na ga tokar nan har yanzu a maƙale a gefen leɓensa, maganar kafinta ta faɗo mini. Na mayar mata da wuƙar. Na ce ba a cin irin wannan, leda ya haɗiye ta ruɓe masa a ciki. Ta dube ni na ɗan lokaci, don ta san ni ba mai barin nama ya lalace ba ne, amma ba ta ja ba. Ragon ya mutu kafin magariba. Taku uku daga inda yake kwance, bokitinta na ta ɗiga a kan tukunya.

A nan ne ya kamata in ce mata ta zubar. Kalma nawa ce? Amma in na faɗa mata, dole ta faɗa wa matan da suka karɓa, su kuma su faɗa wa mazajensu. Mazajen nan da su nake haɗa sahu. Wasu ni na tsaya musu waliyyi, wasu ni nake raba su in sun yi rigima a kasuwa. A ce tsohon nan ya ciyar da unguwa guba saboda tarkacen katako. Ga kafinta yana nan, shaida ne an gaya mini. Sannan ita kanta: abu ɗaya da garin nan ya ba ta da girmanta, ni na kawo, ni kuma zan ƙwace. Na juya maganar ta kowace fuska na rasa ƙofa. Sai na ce wa raina ai rago ɗanyar toka ya ci, mu kuwa tacewa muke yi mu dafa. In ma akwai saura, zan cire shi da kaina, ba wanda zai ji.

Karatuna allo ne da 'yan shekaru a firamare, amma na ɗauka mai hankali ba ya rasa dabara. Na sayi rariya mai ƙananan ido, na riƙa tankaɗe tokar a rumfa, duk inda koren ya yi yawa in ɗebe in zuba a wani duro daban. Sannan na haɗa bokiti irin yadda na ga masu gyaran ruwan sha suna yi, tsakuwa a ƙasa, sai yashin da na wanke, sai dakakken gawayi, auduga a sama. Na kai gida na ce daga yau ruwan toka sai ya bi ta nan sau uku kafin ya hau wuta. Ta tambayi dalili, na ce tsatsar ƙusoshi. Ta yi dariya har da riƙe ƙugu, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga Malam ya zama bature, saura farar riga da gilashi.

"Kakata ta yi toka har haƙoranta suka zube," in ji ta, "ba ta taɓa neman namiji ya riƙe mata tsumma ba."

Duk da haka ta bi, don ruwan yana fitowa garau, matan ma suka ce tokar ta ƙara kyau. Na gwada jefa alif kamar yadda ake yi wa ruwan rijiya in ya gurɓace. Wannan kam ta hana, ta ce yana kashe mata ƙarfin toka yana sa bauri.

Don in kwantar da raina na sayo kaji biyu na ajiye a bayan rumfa, na riƙa kwaɓa musu dusa da ɗan tataccen ruwan. Mako ya zagayo suna nan suna tono, ɗaya har ƙwai ta yi. Na riƙe ƙwan nan a hannuna ina godiya ga Allah kamar wanda alƙali ya wanke. Ban ƙara musu yawan ruwan ba, ban kuma ci gaba da ba su ba. Na tsaya daidai inda amsar ta yi mini daɗi.

Ga abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa. Bakina yana cewa an tace, amma hannuna bai yarda ba. In an kawo tuwo sai in riƙa taɓa miyar sama-sama, in ci gayan da yawa, in ce na sha shayi a rumfa. Ban taɓa zama na yanke shawarar haka ba. Hannun ne yake janyewa da kansa, ni kuma na bar shi. Ita tana gefe tana shanye tata.

Ciwon a hankali ya zo mata. Murɗar ciki, amai jefi-jefi, zawo ya zo ya tafi. Muka ce taifot ne, muka sayi magani a kemis. Sai fatar wuyanta da bayanta ta fara duhu, da ɗigo-ɗigon fari a ciki kamar yayyafi a kan ƙasa. Tafin hannunta ya yi kauri, ya fitar da wasu ƙulle-ƙulle masu tauri. Ta ce aikin ne, toka dama tana cin hannu. Daga nan sai ƙafafu. Da farko ta ce kamar tururuwa na yawo a ciki, daga baya ta ce kamar ta sa safa. Wata safiya ta ɗebo ruwa daga rijiya ta taho, silifas ɗinta ɗaya ya zame a hanya, ta ci gaba da tafiya har ƙofar ɗaki ba ta sani ba. Ina zaune ina kallo. Na tashi na ɗauko na ajiye mata.

Ranar na daina ƙona katakon, na ce mata ya ƙare. Amma akwai buhunan toka da na riga na tara mata a kicin, masu kai ta wata da watanni, ba ni da hujjar fitar da su. Har matsar da su na yi zuwa inda kwano ke yoyo, ko ruwa ya lalata su in ce tsautsayi ne. Ta gani kafin hadari ya sauko, ta ja su da kanta ta mayar, tana faɗan cewa tsufa ya fara taɓa mini kai. Ban ma yi tunanin inda ruwan zai gangara ba in da ya jiƙa su, ga rijiya nan a tsakar gida.

Babbar 'yarmu ce ta katse abin. A nan Fatakwal take aure, haihuwar garin ce, ba ta da irin kawaicinmu. Ta zo gaisuwa, ta kama hannun uwarta ta juya, ta dube ni.

"Baba, kana zaune Inna tana narkewa a gabanka?"

Washegari ta kai mu babban asibiti. Likitan ya daɗe yana duba tafin hannunta da farcenta, ya tsira mata tsinke a ƙafa ba ta ji ba. Ya yi ta tambaya, 'yar tana fassarawa: wane ruwa take sha, ko tana shan maganin gargajiya, ko tana shafa man canza fata, wace sana'a take yi. Da aka zo kan toka ya ajiye biro ya tambayi tokar mene ne. Matata ta juyo ta dube ni, don ni ne mai itace. Na ce itace ne kawai. Ya ce wane iri. Na ce tsofaffin katako. Bai ƙara tambayata ba. Ya sa aka ɗebi fitsarinta, ya ce a dakatar da tokar nan tukuna, ya rubuta mini takarda zuwa wurin wata mata mai gwaje-gwaje a jami'a, ya ce in kai mata tokar da dunƙulen.

Ni kaɗai na je, kuma na haɗa da abin da ba a ce in kai ba, kwalbar ruwan da ya bi ta bokitina sau uku. Har lokacin ina da sauran fatar a ce dabarata ta rage wani abu. Bayan kwanaki na koma. Matar ba ta kai 'yata shekaru ba, ta ba ni kujera, ta yi mini magana da turanci mai sauƙi a hankali. Ta ce sunan abin arsenik, shi da wasu sinadarai ake ɗura wa katako don kada ƙwaro ya ci. Ba abu mai rai ba ne da wuta za ta kashe, ɗan'uwan ƙarfe ne. In an ƙona katakon, wani ya bi hayaƙi ya shiga hancin wanda ke kusa, sauran ya taru a toka. Abin da ke warwatse a jikin turke guda sai ya dawo cikin tafi biyu.

Na turo mata kwalbata, na kwashe bayanin yashi da gawayi da auduga da kaji na faɗa. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi dariya ba. Ta ce lallai mun riƙa cire shi daga tokar, domin ruwan da ake zubawa shi ne ke ɗauko shi. Yashi da auduga datti suke tarewa, shi kuwa ya narke kamar gishiri, wucewa yake yi. Sannan a ɗora a wuta ruwa ya ƙafe, shi ya zauna a dunƙule. Kaji kuwa, ta ce kaɗan ba ya kayarwa rana ɗaya, aiki yake yi a hankali.

Na tambaye ta su yaya suke cire shi. Ta ce a irin ɗakinsu ana jiƙa tokar a ruwan asid mai ƙarfi, irin wanda ke cin fata, a girgiza a tace a maimaita. Ko an yi haka gubar ta koma cikin ruwan ne kawai, sai an sake kamo ta da wani sinadarin, abin da aka kamo kuma a rufe shi a kai wurin da aka tanada don irinsa. Ba aikin tsakar gida ba ne.

"Baba, ba ya ƙarewa," in ji ta. "Wuri kawai ake canza masa."

Ta ce kada in zuba a kwata, kada in binne kusa da rijiya, kada in ƙona sauran katakon. In tara komai a duro in rufe.

Na dawo da hantsi. Matata na zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, 'yar ta tafi kasuwa. Na zauna a ƙasa, abin da ban saba ba, na fara tun daga kafinta har zuwa kaji. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Tun ranar da na kawo maka wuƙa?"

Na ce tun ranar.

"Shi ya sa ka daina side kwano." Sannan ta ce, "Ni kuwa na yi ta zaton hannuna ne ya lalace. Na yi ta ƙara toka ko miyar ta dawo maka da daɗi."

Na ce ta yafe mini don girman Allah. Ta ce nata tana ji a ƙafarta, za ta duba. Na matan nan kuwa ba nata ba ne balle ta yafe. Ta fara lissafo gidaje da ka, layi-layi, daga Diobu har Oil Mill, ta ce ba za ta aika ba, ba kuma za ta je ba, tunda ƙafar zuwa ma babu. Ni zan je, kuma in na je kada in ce ban sani ba.

Na ɗauki buhu na bi gidajen nan. In yi sallama da maigida, mu gaisa gaisuwar manya, ina iyali ina kasuwa, sannan in faɗi abin da ya kawo ni. Wani ya shiga ya fito mini da dunƙulen, ya miƙo ya koma ciki. Wani ya ce Allah ya rufa asiri, ya raka ni har bakin layi. Wani ya ce sun sha ba abin da ya same su, in bar tayar wa mata hankali, ya hana ni. Wani mai sayar da albasa ya ce matarsa ta aika wa uwarta guda huɗu arewa a matsayin tsaraba, wai ta ga 'yan kurmi ma sun iya. Na sa ya buga waya a gabana. Wani da na tsaya wa waliyyi ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaye ni tun yaushe na sani, na faɗa masa. Har yau yana amsa sallamata, amma a masallaci ya koma ɗaya ƙarshen sahu. Ga duk wanda na je wa na faɗi asibitin da alamun ciwon. Waɗanda suka je da waɗanda ba su je ba, ban san iyakarsu ba.

Kafinta ne ya taya ni tattara komai, bai ce ai na gaya maka ba. Buhunan kicin, koren da na riƙa warewa, dunƙulen da na karɓo, yashi da gawayin bokitina, har ƙasar da na kankare daga inda nake ƙonawa, suka cika duro uku. Muka rufe su muka liƙe bakin da siminti. Sauran katakon na lulluɓe da tamfol na ɗaure.

Cikinta ya lafa, duhun fatar ya ɗan ja baya. Ƙafafun ne ba su dawo ba. Likita ya ce jijiya tana iya farfaɗowa a hankali, tana iya ƙi. Da ma tun da daɗewa maganarmu ita ce in ƙarfi ya ƙare mu tattara mu koma gida tare. Sai ta ce ita lokacin komawarta ya yi, 'ya'yanmu maza su zo su kai ta ƙauye wurin ƙanenta.

Ni kuma ga duro uku. Na bi ofisoshi, wannan ya tura ni wancan. An ce akwai masu kwashe irin wannan sharar, na nemo su, suka ce da manyan kamfanoni suke aiki, ba su da tsarin mutum ɗaya mai duro uku. Kwata tana bi ta bayan gidajen mutane ta faɗa ruwan da ake kamun kifi. A bola awaki na kiwo, masu tsince-tsince na tono da hannu. In na ɗora su a mota zuwa arewa, gonar wa zan sauke su? In kuma na saki rumfar na tafi, wanda zai karɓa ranar farko zai fasa simintin ya juye tokar a bakin layi, don duro abin tara ruwa ne a garin nan, katakon kuma kafin mako ya shiga murhun wani. Ko yanzu da nake nan, in damina ta yi tsanani ana zuwa ana taya shi, ina hanawa, ana cewa tsohon ya fara rowa.

Ranar tafiyarta na raka su tasha. Sai da aka ɗaga ta aka sa ta a mota, aka gyara mata ƙafafun da hannu. Na tsaya a jikin taga na ce in sha Allah ina nan tafe, da zarar na san yadda na yi da kayan nan. Ta gyara mayafinta.

"Kada ka biyo ni da su, Malam," ta ce. "Kada kuma ka biyo ni ka bar su."

Damina biyu ke nan. Kullum da safe in na buɗe rumfa nakan zagaya baya in shafa gindin durorin in ji ko tsatsa ta fara ci. Na tsakiyar ya fara.